Cika-ciki a Gidan Sodangi

Duk Kurawa babu wanda bai san tuwon Cika-cikin Saude ba. Ba wai matar mai hali ba ce, mijinta Sodangi manomi ne kamar kowa, sai dai Allah ya ba ta hannu. In sabuwar shekara ta kama, a daren goma ga wata, daren nan da iyaye ke ce wa yara kowa ya ci ya cika cikinsa ko kuwa a cika masa da garwashi, to tsakar gidan Saude ne ke cika da dangi. Takan sauko da jelar ragon Layya da ta rataya bisa murhu tun Babbar Salla, hayaƙi ya gama busar da ita, ta jefa cikin miyar kuka, ta saka daddawa da ɗan man shanu, ta tuƙa tuwon hatsi tukunya biyu. Shi ke nan fa, ba wani abu ba. Amma sai ka ga dattawa masu furfura suna suɗe akushi da yatsa, ba su ko jin kunyar jikokinsu.

To, sai Allah ya kawo shekarun farin nan na bayan yaƙin basasa. Damina ta farko ta yi rabi ta tsaya, mutane suka ce Allah ya kai mu baɗi. Baɗin ta zo ta fi ta muni. Ruwa ya sauko, Sodangi ya shuka, hatsi ya kai tsawon yatsa, rana ta ƙone shi. Ya sake shukawa, aka sake ƙonewa. Na ƙarshen ko tsirowa bai yi ba, ɓeraye da zabi suka tone abinsu. Gulbi ya koma rairayi. Buzaye suka yi ta gangarowa daga arewa suna sayar da takubbansu da shimfiɗun fata a kasuwar Sabon Birni, shanun Fulani kuwa suna faɗuwa a bakin hanya har ungulu ta gaji ta bar su.

Abin da ya rage a gidan Sodangi na hatsi ɗan ƙulli ne na zangarniya, wanda za ka iya runguma da hannu guda. Amma ba kowane hatsi ba ne. Zango ne, mai dogon kai kamar damtsen mutum, irin da kakansa ya taso da shi daga wajen Alkalawa, kowace kaka ana zaɓar manyan kawunansa a ajiye don shuka. Bayan Babbar Salla, da Sodangi ya ga zama ba zai yi ba, ya yi shirin tafiya Kurmi neman abin da zai aiko. Kafin ya fita ya saka ƙullin nan cikin ruhewa, rumbun laka da ke bayan ɗakin Saude, ya kwaɓa ƙasa da ɗan ruwan alwalarsa ya liƙe bakin, sannan ya danna tafin hannunsa a jikin ɗanyar lakar. Yatsu biyar suka fito sarai.

Ya ce, “Wanga ba hatsin ci ba na, gonarmu ta baɗi ta. Ko kin ji ɗiya na kuka, ki toshe kunnuwanki.”

Saude ta ce ta ji. Kuma ta ji ɗin, don ba macen da ake faɗa wa magana sau biyu ba ce. Ta ci gaba da riƙon yaranta biyu da kunun dusa da busasshiyar tafasa da ƙwallon goriba, kullum ta wuce ta bayan ɗaki sai ta kau da kai, kamar mai wuce surukinta.

Da watan Cika-ciki ya tsaya, matan unguwa suka yi ta cewa a bakin rijiya bana kam sai dai a cika ciki da hamma. Saude ta ɗauki tulunta ta wuce gida. In faɗa muku gaskiya, matar nan akwai taurin kai, kuma tana son a yabe ta, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ta ƙudura a ranta cewa ko ƙasa za ta tsage sai an ƙoshi a gidanta a wannan dare, kuma ba tare da ta taɓa ruhewa ba. Dabararta anza ce.

Wanda bai ga yunwa ba bai san anza ba. Ɗan itace ne na daji da fari ba ya kashewa, ’ya’yansa ƙanana kamar wake, ɗacinsu kuwa ya fi maɗaci. Akuya ma sai ta rasa yadda za ta yi take kusantarsa. Ɗanye guba ne, yana murɗa ciki ya sa amai. Amma Saude ta koya wurin kakarta: a ɓare shi, a shanya, a jiƙa cikin randa, a riƙa zubar da ruwan ana sake sabo safe da yamma har ɗacin ya fita, ranar ƙarshe a tafasa shi da ruwan toka. In ya yi, sai a daka shi sama-sama a turara kamar dambu, a cuɗa da tafasa da garin ƙuli-ƙuli da ɗan barkono. Ba ya kai hatsi daɗi, ƙarya haram, amma yana zama a ciki.

Ta yi ta zuwa daji da ita da yaran har ta tara abin da zai cika babbar randa. Wahalar ba ta tsinka ba ce, ta ruwa ce. Rijiyar garin ta yi nisa, sai ka zura guga har igiya ta ƙare ya fito da rabin taɓo. Saude takan yi sammako ta bi layi, ta kawo tulu, ta bari ya kwanta, ta zuba wa anza, da yamma ta tsiyaye ruwan nan mai ɗaci ta zubar a ƙasa. Duk zubarwa sai ta ji kamar jininta take zubarwa. Wani lokacin ruwan bai samu ba, ta tsallake sauyi guda, abin ya ja baya. Duk da haka kullum takan tauna ƙwaya ɗaya ta tofar, ta auna a harshenta, lissafinta kuma ya nuna mata zai yi daidai da yammacin tara ga wata, ba kafin nan ba.

Miya kam ta riga ta haɗu. Akwai kuka, akwai daddawa ’yar kaɗan da ta ɓoye cikin gora, akwai gishiri. Jela ma akwai, in za a kira ta jela. A Layyar bana ba rago Sodangi ya yanka ba, wani ramammen bunsuru ne da ko ba a yanka shi ba ba zai kai mako ba, jelarsa kuwa da ta bushe ba ta wuce babban yatsa ba. Saude kan dube ta a rataye bisa murhu ta yi dariya ita kaɗai, ta ce wannan sai dai a nuna wa tukunya ita ta ji ƙamshi.

Babbar baƙuwarta kowace shekara ita ce Bilki, ƙanwar Sodangi, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Burkusuma, can tsallaken iyaka, ɓangaren da tsofaffi ke kira ƙasar Faransa. Mijinta Yero manomi ne mai ’yan shanu. Bilki ba ta taɓa fashin Cika-cikin gidansu ba. Abin da Saude ta manta, kuma wa zai tuna, shi ne mutanen tsallake ba kullum suke ɗaukar wata tare da na nan ba. Kurawa na jiran sanarwar Sakkwato, su kuwa can suna bin ta ƙasarsu. A shekarun da akwai hatsi a rumbu ba wanda ya damu da wannan. In baƙo ya riga rana da kwana guda sai a daka masa fura, a yi ta yi masa tsiya wai ciki ya hana shi ƙidayar wata.

Ranar takwas ga wata, rana ta take tsaka, Saude tana tsugune gaban randa tana tsiyaye ruwa, sai ta ji sallama. Ta ɗaga kai ta ga wata mace a ƙofar zaure da yara uku, babu jaki, babu kaya sai ƙwarya ɗaya a ka. Sai da matar ta yi murmushi, wushiryarta ta bayyana, sannan Saude ta gane Bilki ce. Bilkin da ake tsokana da cewa sai ta karkace take shiga ƙofar ɗaki, yau zanenta ya zagaye ta har sau biyu. Ƙaramar ’yarta Binta, wadda bara take tsalle-tsalle a wannan tsakar gida, tana goye a baya, ƙafafunta na reto.

Bilki ta so ta yi wasan da suka saba. Ta ce, “Matar yayana, ina tuwona? Tun Burkusuma nika jin ƙamshinai.”

Saude ta miƙe daga gaban randa. Ta ce, “Gwaggon yara, ai gobe na. Yau takwas.”

“Mu can yau tara.”

Suka dubi juna. Bilki ce ta fara kau da ido, ta ce ba komai, kwana guda ai ba shekara ba ce, Allah ya kai mu goben. Ta faɗe shi da sauri, irin faɗar wanda ba ya son a ga abin da ke ransa.

Saude ta shimfiɗa musu tabarma a inuwa, ta kawo ruwa, ta dama ragowar kunun dusar da ta tanada don daren yaranta. Yaran Bilki suka shanye shi kafin ta juya, babban ya kife ƙwaryar a fuskarsa yana lasa. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutan gida. Da Bilki ta ji yayanta ya tafi Kurmi sai jikinta ya yi sanyi ƙwarai. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, idonta ya kai ga ruhewar da ke leƙowa ta bayan ɗaki, sai ta haɗiye maganar. Saude ta ga wannan kallo. Ba ta tambaye ta ba, don a gidan mutunci ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi, shi ma ba ya faɗa sai ya ci abincin gidan ya huta. Amma ta fassara kallon a ranta, ta ce wannan kallon uwa ce da ta san inda hatsi yake kuma kunya ta hana ta roƙa.

Suna cikin haka sai suka ji kakari a bayan murhu. Yaron Bilki na tsakiya ne ya lallaɓa ya zura hannu cikin randa, ya ga abu kamar jiƙaƙƙen wake, ya cika baki ya haɗiye. Ga shi nan durƙushe yana amai, ɗan kunun da ya sha duk ya dawo, jikinsa na rawa. Saude ta ɗura masa ruwa, ta riƙe masa goshi har abin ya lafa. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna, ko Allah zai sa lissafinta ya yi kuskure. Ina. Ɗacin yana nan a gindin harshe, ya ragu amma yana nan. Sai an sake masa ruwa yau da yamma da gobe da safe, a tafasa da toka. Ba hanzarin da zai sa ya yi yau.

Ta yafa mayafi ta fita, wai ko za ta sami aron mudu guda zuwa wani lokaci. Gidan farko ta tarar da murhunsu toka ta yi sanyi, har kaza ta taɓa yin birgima a ciki, ga gurbinta. Gida na biyu matar gidan ta riga ta da tambayar ko tana da ɗan gishiri. Ba ta shiga na uku ba. Ta dawo tana jin haushin kowa, har da Sodangi da ya tafi ya bar ta da tafin hannu.

Da la’asar ta kusa, Bilki ta ce bari ta zaga dangi, akwai gaisuwar mutuwa da yawa da ake bin ta, don bana an yi rashe-rashe. Ta sauke Binta a tabarma kusa da ɗan’uwanta mara lafiya, ta gyara ɗaurin zane. Yarinyar ta riƙe mata ƙafa. Muryarta ’yar siririya, amma Saude ta ji kowace kalma daga inda take.

“Inna, kin ce yau za mu cika. In ba mu cika ba, da gaske garwashi za a zuba muna?”

Bilki ta ce mata wasa ne, ba a zuba wa yaran kirki. Yarinyar ba ta yarda ba, ai da wannan alkawarin aka taso da su tun asuba, da shi aka ja su duk tsawon hanya. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Sai kawai ta kwanta ta dafe cikinta da hannu biyu, ta zuba wa sama ido. Bilki ta fita da sauri ba ta waiwayo ba.

Saude ta daɗe tsaye. Ta tuna maganar mijinta, ta toshe kunnuwa. To ai ya ce in ta ji kuka, bai faɗa mata abin da za ta yi da yarinyar da ba ta kuka ba. Ta ce wa kanta gobe ne, gobe kaɗai. Ta sake duban ƙafafun Binta, ta rasa tabbacin goben. Kuma kada in rufe muku, akwai wani abu ban da tausayi: ba ta iya jure a koma tsallake a ce an zo gidan Saude daren Cika-ciki an kwana da yunwa. Biyun suka haɗu suka fi ƙarfinta. Ta ɗauki taɓarya ta zagaya bayan ɗaki.

Bugu ɗaya lakar ta tsage. Tafin Sodangi ya rabe biyu ya faɗo, ɓangaren da ke da babban yatsa ya mirgina gindin danga. Ƙamshin hatsi ya bugo ta, ƙamshin da ta yi watanni ba ta ji ba, har sai da miyau ya cika mata baki, ta ji kunyar kanta.

Rabi ta ce za ta ɗiba. Ta zare rabin, ta sussuka a turmi, ta sheƙe, ta dubi tsabar a gindin ƙwarya. Ga yara biyar, ga manya biyu, wannan ko kunu ba zai kai su ba, balle a ce an cika. Ta koma ta ƙaro. Ta sake dubawa, ta sake komawa. Da ta leƙa karo na ƙarshe sai ta ga abin da ya rage bai fi a riƙe a hannu ɗaya ba, ko kusurwar gona ba zai shuka ba. Laifin dai an riga an yi shi. Sai wata irin zuciya ta ɗebe ta, ta kwashe duka ta zuba a turmi, tana daka tana hawaye, tana share su da kafaɗa don kada su ɗiga ciki.

Duk da haka ba ta yi aikin banza ba, hannu ba ya mantuwa. Ta surfa, ta wanke, ta ajiye ruwan tsarin don kunun safe, ta daka gari ta tankaɗe. Ta ɗora ruwa, ta yi ruɗe, ta bari ya nuna sosai kafin ta tuƙe. Ta sauko da jelar bunsuru ta jefa a ƙaramar tukunya, ta daka daddawa da barkono ta zuba, ta kaɗa kuka da maburgi har ta yi yauƙi. Ta share ƙaiƙayin ta tura ƙarƙashin gado, ta jingina tsohuwar tabarma a bakin ruhewa.

Ana kiran magariba Bilki ta shigo. Tun daga zaure ta tsaya cik, tana shaƙar iska. Ta tambaya daga ina. Saude ta ce wani ɗan abu ne ta ɓoye a tulu tun bara saboda wannan rana, ta faɗe shi tana kallon tukunya.

Wayyo, cin da yaran nan suka yi. Ba magana, ba faɗa, sai ƙarar haɗiya. Wanda ya yi amai ya tashi zaune ya ci kamar ba shi ba. Aka yayyanka jelar da farce kowa ya sami abin da zai tsotsa. Binta ta ci har ta gaji, ta ɗaga riga ta nuna wa uwarta ciki ta ce a duba ko ya cika, Bilki ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce ya cika taf, ba wurin garwashi ko ɗaya. Yarinyar ta yi dariya, ta ɓingire nan take barci ya ɗauke ta. Bilki ita ma ta ci, a loma ta farko ta rufe ido ta ce wannan tuwon gidansu ne, zangon Baba, ko a makance ta san zaƙinsa. Fuskarta ta saki, har ta dawo da tsohuwar tsiyarta, tana cewa miyar ta yi gishiri. Saude ta kai loma ɗaya bakinta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne daɗin da ta ji. Ba ta taɓa tuƙa tuwon da ya kai wannan ba.

Da safe bayan an sha kunun tsari, Bilki ta kori yara waje, ta gyara zama a gaban Saude, ta sunkuyar da kai kamar yadda ake yi in za a isar da saƙo.

Ta ce, “Yaya, na ci na sha na kwana, yanzu sai in hwaɗi abin da yak kawo ni. Ba tuwo na ba. Mai gidana ya aiko ni biɗar iri. Duk garinmu babu mai ƙwaya guda, an cinye tun kaka. Ya ce in roƙi yayana ko cikin tahin hannu na zangon Baba, in Allah ya kawo ruwa mu samu abin da za mu sa ƙasa. Da nis samu ba ya nan, na so in koma da maganata. Amma da nic ci tuwon jiya sai hankalina ya kwanta. Na ce tun da har kuna ci, na shuka yana nan.”

Saude ta tashi, ta kama hannun Bilki, ta ja ta zuwa bayan ɗaki, ta janye tabarmar.

Bilki ta leƙa cikin ruhewa. Ta daɗe tana leƙe, kamar in ta ƙara haƙuri wani abu zai bayyana. Sannan ta ga ɓallen laka a gindin danga, ta ɗauka, ta ga shatin babban yatsan yayanta. Ta zauna a ƙasa.

Ta ce, “Da na hwaɗi jiya.”

Saude ta ce, “Da na tambaye ki.”

Babu wanda za a zaga. Kowace ta yi abin da aka koya mata tun tana yarinya, kuma ga inda ya kai su.

Bilki ce ta fara rarrafawa zuwa gindin turmi. Wurin sussuka ba a rasa ƙwayar da ta yi tsalle. Suka durƙusa su biyu, manyan mata, suna tsintar hatsi ɗaya-ɗaya cikin rairayi. Saude ta jawo ƙaiƙayin da ta ɓoye ƙarƙashin gado suka sake murje shi a tafin hannu suna hurawa. Tururuwa ta riga su aiki tun jiya, ga layinta nan ya nufi gindin bango kowace da ƙwayarta, suka bi ta har rami suka tone da wuƙa suka ƙwace abin da ta tara. Rana ta yi sama kafin su miƙe. Duk abin da suka samu bai cika ludayi ba. Saude ta zube shi a faifai ta raba biyu da gefen hannu, Bilki ta ce ba za ta karɓa ba, Saude ta ƙulle mata rabin a bakin zane da ƙarfin tsiya.

Da yammar ranar, tara ga wata a lissafin Kurawa, anza ya yi. Saude ta tafasa shi da ruwan toka, ta ɗauraye, ta tauna. Babu ɗaci ko kaɗan. Ta daka, ta turara, ta cuɗa da tafasa da ƙuli-ƙuli, randa guda ta ba da abin da ya cika manyan ƙore. Dangi suka zo, maƙwabta masu murhu mai sanyi suka zo, kowa ya ci ya ƙoshi har aka yi saura. Tsofaffi suka yi ta sa mata albarka, suna cewa a shekarar da ba kowa ya hura wuta ba Saude ta yi Cika-ciki, kuma ba ta taɓa irin shukar mijinta ba, a yi koyi da ita. Binta ta ci dambun nan ta sake ɗaga riga, cikin ya cika daidai da na jiya. Saude ta ga haka ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari da sanyin safiya Bilki ta kama hanyar Burkusuma da yaranta da ragowar dambu a ƙwarya. A ƙofar gida ta ce in yayanta ya dawo a ce masa ita ce ta roƙa, ita ta sa aka buɗe, ai ba zai iya yi wa ƙanwarsa komai ba. Saude ta ce ta ji, Allah ya kiyaye hanya.

Da suka ɓace ta koma bayan ɗaki. Ta zuba rabin ludayin nan a ɗan gora, ta toshe, ta ajiye a tsakiyar ruhewa, inda ya zauna shi kaɗai a wurin da ƙullin yake. Ta kwaɓa ƙasa da sauran ruwan anza, ta liƙe bakin ta shafe shi sumul. Ta tsaya tana kallon ɗanyar lakar. Tana iya barinta haka, ta ce zafin rana ne ya fasa ta farkon ta gyara. Tana iya faɗar abin da Bilki ta ce ta faɗa.

Sai ta buɗe hannunta na dama ta danna a tsakiya, ta danna sosai. Yatsu biyar suka fito, ƙanana, har da shatin zoben azurfar da mijinta ya sa mata. Duk ranar da Sodangi ya dawo ya zagayo bayan ɗaki, ba sai ya tambayi kowa ba.